Wasiƙar Makaranta: Rabon Dashe da Tara Abincin Dabbobi

Zuwa ga iyayen yara da masu riƙonsu,

Assalamu alaikum. Barkanmu da kaka, da fatan an shigar da amfanin gona lafiya.

Maganar farko ta dashe ce. Yaran aji biyar da na shida sun yafa irin tumatir da tattasai da albasa a bayan ajujuwa, Allah kuwa ya sa albarka, ya fito fiye da abin da lambun makaranta zai ɗauka. Tumatirin ya kusa wata guda, lokacin cirarsa ke nan, domin in ya daɗe a cunkushe sai ya yi tsawo ba ƙwari, ya sha wuya bayan an dasa. Albasa kuwa tana son mako 6 zuwa 8, masu jiran ta su ƙara haƙuri.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya zauna a yankinmu na Kura, kuma kowa ya sani, mai lambu ba ya rasa ragowar dashe bayan ya cika filinsa. Sau da yawa a bakin kanal ake barin sa ya bushe. Abin yana damun mu, domin a cikin gari akwai matan da tushe goma kacal suke nema su dasa a bayan ɗaki, kusa da inda ake wanke-wanke, su huta da sayen kayan miya. Muna roƙon duk mai ragowa ya kawo ranar Asabar bayan la'asar, a haɗa da na makaranta a raba. A ciro shi da ƙasarsa, a naɗe saiwar cikin jiƙaƙƙen buhu, wanda ya karɓa kuma ya dasa da yammacin nan ya ba shi ruwa. Don Allah a duba ganyen tumatir kafin a taho. Ba mu manta da ɓarnar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta yi a 2016 ba. Ganyen da aka ga an yi masa rami-rami a ciki, ya yi fari kamar takarda, kada a kawo shi, a ƙone.

Sai maganar dabbobi. Yanzu harawa tana ko'ina a kan rufin ɗaki da rassan bishiya, amma daga Maris zuwa faɗuwar ruwa tsadarta ba ta ɓoyuwa. Lokacin ne iyalin da ke riƙon marayu ke sayar da akuya ɗaya tilo a wulaƙance, alhali da ita ake sayen littafi da kayan makaranta. Akwai kuma yaranmu masu tattabaru da zomaye da 'yan kaji, waɗanda suke kula da su da zuciya ɗaya. Malamai sun sha ganin yaro ya rage abin karin kumallonsa don ya kai wa tsuntsayensa. Ya tabbata a hadisi cewa Musulmin da ya yi dashe ko shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce a gare shi.

Abin da muke karɓa shi ne harawar wake ko ta gyaɗa, kowar wake, dusa, tsaki, da kanwa. Ko kwano ɗaya ne a aiko yaro da shi, ba mu raina ba. Sai dai ya kasance busasshe. Dusar da ta jiƙe ta yi fumfuna cuta take sa wa dabba.

Za a ajiye kayan a ɗakin ajiyar makaranta, a kan katako. Rabo kuwa sai bazara, a hannun kwamitin iyaye da malamai tare da Mai Unguwa, kuma ba za a kira sunan kowa a gaban yara ba. Wanda ya san gidan da ya dace ya faɗa wa malamin ajin ɗansa a keɓe.

Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a.

Naku,
Shugaban Makaranta