Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanwata a Kan Wasan Yara da Tsofaffin Mazubai

Ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina sanar da ke cewa mu ma a nan lafiya muke, sai dai kewar gida. Na sami saƙonki na cewa in haɗo wa yara kayan wasa idan na sami mai zuwa, kuma zan yi hakan in Allah ya yarda, amma ina so in ba ki shawarar abin da na ga amfaninsa a makarantar renon da 'yata take zuwa, wanda ba sai an jira saƙo daga ko'ina ba.

Malaman makarantar sukan roƙi iyaye su riƙa tara musu gorunan roba da kwalaye da gwangwanaye da murafe, su kuwa su wanke su, su shanya, sannan su baje wa yara tare da gam da zare da fenti. Daga cikin abubuwan da suke haɗawa, wayar gwangwani ta fi burge ni. Babba ne zai huda ƙasan gwangwani biyu da ƙusa, ya zura dogon zare, ya ƙulle kowane ƙarshe da guntun tsinke don kada ya zame. Yaro ɗaya ya yi magana a cikin nasa, ɗayan ya kara nasa a kunne. Muryar ce take girgiza ƙasan gwangwanin, girgizar ta bi zaren zuwa ɗaya ɓangaren, shi ya sa idan zaren ya yi sako-sako ko wani ya riƙe shi a tsakiya sai maganar ta ɗauke. Ki bar su su gano wannan da kansu, domin na ga yadda 'yata ta yi ta ja da baya tana gwadawa har zaren ya miƙe, ta ji muryar ƙawarta, ta ƙwala ihu don murna.

Haka kuma za ki iya yanke gorar ruwa gida biyu, ki huhhuda ƙasanta don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa ko ya tara sauro, ki zuba ƙasa, yaro ya tura ƙwayar wake a jikin robar ta inda ake gani. Cikin 'yan kwanaki zai ga saiwa ta fara fitowa ta nufi ƙasa, daga baya tsiro ya ɗago sama. Murafe kuwa suna zama tayoyin motar kwali, ana kuma ware su launi-launi ana ƙirgawa. Buɗe murfi da rufe shi, da zura zare a rami, su ne suke ƙarfafa 'yan yatsun da za su riƙe fensir nan gaba.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne zaɓen mazubin. Duk abin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko kananzir ko sinadarin wanke bayan gida ko maganin asibiti, kada ki ba yaro ko da kin wanke shi, saboda roba tana riƙe ragowar abin da aka zuba mata, yaro kuma komai baki yake kai shi. Lambar da ake bugawa a ƙasan roba, daga 1 zuwa 7, nau'in robar kawai take nunawa, ba ta nuna cewa mazubin yana da tsabta ba. Kwalba mai fashewa ki kawar da ita gaba ɗaya, bakin gwangwani kuma ki danne kaifinsa ki naɗe shi da salatif. Autanki tun da bai kai shekara 3 ba, kada a bar shi da murafe ko tsakuwa ko ƙananan batura masu kama da maɓalli. Ma'aunin da iyaye suke amfani da shi a nan shi ne bututun kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida: duk abin da ya shige cikinsa zai iya shaƙe ƙaramin yaro.

Roƙona gare ki shi ne yanka da huda su zama aikinki, sauran kuwa ki sakar musu. Mu iyaye muna da saurin karɓe aiki daga hannun yaro don mu gyara, alhali motar da ya manna wa taya a karkace ta fi masa daraja a kan wadda aka ƙera masa tsaf, tun da ya san yadda aka yi ta, idan ta ɓalle kuma zai iya mayar da ita da kansa. Idan ya nuna miki abin da ya haɗa, ki tambaye shi ya ba ki labarinsa kafin ki ce komai.

A cikin saƙon da zan aiko zan sa almakashi marar tsini na yara, da gam da fentin da suke fita da ruwa. Kafin ya iso ki fara tara kwalaye a wuri busasshe. Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa mini kan yara, ki kuma isar da gaisuwata ga su Inna da Baba.

Wassalam.

Yayarki mai ƙaunarki.