Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata a Helsinki Kafin Ta Je Sauraron Kiɗan Sibelius

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin Helsinki bai hana ki karatu ba. Saƙonki ya iso, na kuma karanta batun gayyatar da abokan karatunki suka yi miki zuwa Musiikkitalo, babban zauren kiɗan birnin, domin sauraron simfoni na biyu na Jean Sibelius, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Finlan; simfoni kuwa dogon kiɗa ne da tarin makaɗa ke kaɗawa tare. Na amince ki je. Na zaɓi in rubuto miki a tsanake ne saboda ni ma na taɓa sauraron wannan kiɗa a irin wannan zaure lokacin da nake karatu a Ingila, amma rabinsa ya wuce ni ban amfana ba, don babu wanda ya faɗa mini abin da zan faɗa miki yanzu.

Kunnenmu ya saba da kiɗa mai ɗauke da magana. Makaɗi ya ɗora waƙa, 'yan amshi su karɓa, kalangu ma kansa magana yake yi, har wanda aka yi wa kirari ya gane da shi ake tun kafin maroƙi ya ambaci sunansa. A can ba za ki ga mawaƙi ba. Makaɗa saba'in ko fiye za su zauna gaban jagora guda mai riƙe da 'yar siririyar sanda, su yi kusan minti 45 ba tare da wani ya furta kalma ba. Ni a ranar na zauna ina jiran wanda zai buɗe baki, ina ɗaukar duk abin da ake kaɗawa a matsayin share fage, sai da aka yi nisa na gane cewa abin da nake jira shi ne ake ta yi tun farko. Saboda haka ki ajiye jiran waƙa a bakin ƙofa, ki ba kiɗan kunnenki tun daga sautin farko.

Abin da zai riƙe miki hannu ɗan ƙarami ne. Da zarar an fara, masu goge za su kaɗa sauti uku masu hawa, ɗaya bisa ɗaya kamar matakala, suna maimaitawa a hankali. Ki riƙe waɗannan sautuka uku a zuciya, domin daga gare su Sibelius ya gina mafi yawan aikin, yana ɓoye su, yana juya su, yana miƙa su daga hannun wasu makaɗa zuwa na wasu, kamar yadda masaƙi ke bi da zare guda har ya fitar da zane. Kayan kiɗan ma ba baƙi ba ne gare ki ƙwarai. Wanda zai fara busa sauti guda domin kowa ya daidaita nasa kafin jagora ya fito, ɗan'uwan algaita ne, sai dai muryarsa ta fi taushi. Manyan gangunan da ke baya za su tuna miki da tamburan fada, ƙahonin tagulla kuma da kakaki.

Kashi huɗu ne aikin, kuma na biyun ne nake so ki fi ba haƙuri, don shi ne mafi nauyi. Tambura za su yi gurnani ƙasa-ƙasa, sannan masu manyan goge su ajiye bakansu su riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa, kamar takun mai tafiya shi kaɗai cikin dare, a daɗe ana haka kafin wata busa mai kauri ta shigo da sautin makoki. A nan ne hankalin sabon mai sauraro yakan gudu. Idan naki ya gudu, ki dube su da ido, ki nemo wanda sautin ke fitowa daga hannunsa, za ki ga ya dawo. Wannan ne amfanin zama a zaure wanda waya ba za ta ba ki ba: kina ganin kafaɗun masu goge na tashi tare, kina jin manyan gogen a ƙirjinki, kina kuma jin shirun mutum fiye da dubu a lokaci guda. Kashi na uku gudu ne, amma a tsakiyarsa komai zai lafa, mai algaitar nan ya busa sauti ɗaya har sau tara kafin ya sauko. Daga nan kiɗan zai zarce cikin kashi na huɗu ba tare da tsayawa ba, kuma a nan sautukan nan uku za su dawo da faɗi da ƙarfi, su yi ta hawa. Ni a wannan wuri ne hawaye suka zo mini, ban kuma ji kunyarsu ba.

Ya kamata ki san abin da kiɗan yake nufi ga masu masaukinki. Sibelius, wanda aka haifa a Hämeenlinna a 1865, ya fara wannan aiki ne a Rapallo ta ƙasar Italiya a 1901, shekara guda bayan rasuwar ƙaramar 'yarsa, ya kuma jagoranci kaɗa shi karon farko a Helsinki ranar 8 ga Maris, 1902. A lokacin Finlan tana ƙarƙashin Sarkin Rasha tun 1809, kuma dokar da Nicholas na Biyu ya sa wa hannu a Fabrairun 1899 ta tauye ikon da ƙasar ke da shi na tafiyar da al'amuranta. Mutanen da aka takura wa baki sai suka ji kukansu da burinsu a cikin kiɗan da ba shi da kalmar da mahukunta za su kama. Robert Kajanus, wanda ya kafa ƙungiyar makaɗan Helsinki a 1882, shi ya fi yaɗa wannan fassara. Sai ranar 6 ga Disamba, 1917 ƙasar ta ayyana 'yancinta. Idan kika ga dattijuwa kusa da ke ta rufe ido ta yi tsit, ki sani tarihin kakanninta take saurare. Duk da haka ban ce lallai ki ji abin da suka ji ba. Ki bar kiɗan ya tayar miki da abin da ke cikin taki zuciyar.

Game da ladabin wurin, ki isa da wuri, domin wanda ya makara sai ya jira a waje har a kai wurin tsayawa. Ki kashe wayarki gaba ɗaya. Ba a tafi tsakanin kashi da kashi, sai jagora ya sauke hannu a ƙarshe, kuma yin shiru a can shi ne karramawar da mu muke nunawa da guɗa da liƙi. Ki duba lokacin salla kafin ki fita, tunda a wannan yanayi rana kan faɗi da wuri a can, ki sauke Magariba da Isha'i idan lokacinsu ya shiga, sannan ki tafi da nutsuwa. A lokacin hutu ana sayar da abin sha iri-iri, ke ki tsaya ga shayi ko kofi, kuma ki dawo gida tare da abokan tafiyarki.

Idan kin dawo, ki rubuto mini tun kafin ki karanta abin da wasu suka faɗa, ki gaya mini ko kin gane sautukan nan uku lokacin da suka dawo, da kuma yadda kashi na biyu ya zauna miki. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki.

Mahaifinki.