Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Shirya Mini Tiyatar Rage Ƙiba

Zuwa ga Shugaban Kamfani da ma'aikatan sashen kula da marasa lafiya,

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, na fito da wannan magana bainar jama'a ne saboda babu ƙofar da kuka ce a ƙwanƙwasa da ban ƙwanƙwasa ba. Na kira waya, na aika saƙo, na cike fom ɗin ƙorafin da ke shafinku na intanet, amsar dai guda ce: ana dubawa. Ban ambaci sunanku a nan ba don ina so in bar muku damar gyara. Kun san kanku, kun kuma san fayil ɗina.

Bari in fara da abin da ba shi ne ƙorafina ba, don kada a karkatar da zancen. Ba na zargin tiyatar rage ƙiba. Magani ce ta gaskiya, kuma a 2022 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka tare da takwararta ta duniya sun fitar da ƙa'ida cewa duk wanda ma'aunin ƙibarsa, wato lissafin da ake yi da nauyi da tsayin mutum, ya kai 35 ya cancanci a yi masa ita, ko yana da wata cuta ko babu. Nawa ya wuce haka, ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyina kuma sun gaji da ɗaukata. Yau sugana ya sauka, maganin da nake sha ya ragu, ba zan ɓoye wannan don ina fushi da ku ba. Haka kuma na sa hannu a takardar amincewa da idona biyu, na san cikin mutum 100 da aka yi wa irin aikina, 1 ko 2 ɗinkinsu kan yi yoyo. Allah ya ƙaddara ina cikinsu, na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne yadda kuka yi da ni bayan yoyon ya faru, alhali a takardar da kuka sayar mini da aikin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa akwai kulawar likita dare da rana har tsawon shekara guda.

Aikin da aka yi mini shi ne wanda ake kira silib. Likita yakan yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi ya fitar, ya bar ɗan siririn bututu, ya rufe gefensa da dogon layin ƙananan filolin ƙarfe. Idan wannan layi ya buɗe, galibi daga can sama ne, kusa da inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi, sai ruwan tumbi ya riƙa zuba cikin ramin ciki ya zama mugunya. Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne, duk likitan fiɗa da ke wannan aiki ya san shi. Ya kuma san abubuwa biyu: yawancin irin wannan yoyo sai bayan an sallami mutum daga asibiti yake bayyana, kuma alamarsa ta farko sau da yawa bugun zuciya ne da ya haura 120 a minti ɗaya ya ƙi sauka, tun kafin ciwon ciki ya yi tsanani. Ga zazzaɓi, ga haki, ga wani ciwo a kafaɗar hagu wanda mai shi ba zai taɓa danganta shi da ciki ba.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu babu a takardar sallamar da kuka ba ni. Shafi guda ce, rabinta bayanin abin da zan sha a makon farko, ragowar kuma lambar WhatsApp da roƙon in yaba muku a shafinku.

Na dawo gida ba da daɗewa ba sai zuciyata ta fara bugawa da ƙarfi ko ina kwance. Muna da na'urar awon jini, mijina ya gwada, bugun ya haura 120. Ya ɗauki hoton na'urar ya tura wa lambarku. Aka amsa cewa ƙarancin ruwa ne, in ƙara sha. Da zazzaɓi ya shigo, aka ce gajiyar tafiya ce. Da na ce kafaɗata ta hagu na ciwo, aka ce iskar da ake hura wa ciki lokacin aiki ce, in riƙa tattaki. Gaskiya ne iskar tana sa ciwon kafaɗa, amma a kwanakin farko, kuma raguwa yake yi. Nawa ƙaruwa yake, ga zazzaɓi da bugun zuciya a tare. Duk waɗannan saƙonni suna nan a wayata da ranakunsu da sa'o'insu. Sai daga baya na gane mai ba ni amsar ba likita ba ce, ba kuma ma'aikaciyar jinya ba, ita ce dai wadda ta yi ciniki da ni tun farko ta tura mini lambar asusun da zan biya. Ban ga laifinta sosai ba. Laifin na wanda ya ɗora ta a kujerar da ba tata ba ne, ya bar ta tana yanke hukunci a kan rayukan mutane.

Kalma ɗaya ta isa a wancan lokaci: ki tafi asibiti yanzu. Ba a faɗa ba. Mijina ne ya ga numfashina ya sauya cikin dare ya ɗauke ni.

A asibitin da aka kai ni, tambayar farko da likitan fiɗa ya yi ita ce ina rahoton aikin. Yana so ya san me aka yanke, daga ina zuwa ina, an gwada ɗinkin kafin a rufe ko ba a gwada ba, wane magani aka ba ni. Ba mu da ko ɗaya. Mijina ya roƙe ku, likitan da kansa ya rubuta muku, kuka ce sai an nemi izinin asibitin da kuke hulɗa da shi, asibitin kuma ya ce ku ne masu fayil. Ana wannan jifa da juna ni kuma ina ɗakin kulawa ta musamman. Sai da aka yi mini hoton siti sikan aka ga ruwa ya taru a ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu, aka sa roba ta gefen ciki tana zuƙe mugunyar, aka ɗora ni a kan allurai masu kashe ƙwayoyin cuta, sannan aka zura wani bututu ta baki aka girke shi a cikin tumbin ya rufe wurin da ke yoyo. An hana ni ci da sha gaba ɗaya, ta roba ake ciyar da ni. Likitan ya yi mini bayani cewa tumbin silib siriri ne, matsin da ke cikinsa yana da yawa, shi ya sa yoyonsa kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya haɗe. Nawa bai yi gaggawa ba. Har yau da nake rubutun nan rahoton aikin bai zo hannuna ba.

Akwai abu na biyu da ya fi ba ni tsoro idan na tuna, domin shi kam da kuɗi kaɗan ake kauce masa. Bayan an bar ni na fara shan ruwa-ruwa, amai ya ƙi tsayawa. Ƙafafuna suka fara ɗaukewa, in na miƙe sai in riƙa tangaɗi, abu ɗaya in gan shi biyu. Na sake rubuta muku, aka ce rashin ƙarfi ne na wanda ya daɗe a kwance. Wata likita ce da ta ji bayanin ta sa aka yi mini allurar bitamin B1 nan take, ba ta ma jira sakamakon gwaji ba. Ashe abin da jiki ke ajiyewa na wannan bitamin ba ya wuce mako 2 zuwa 3, kuma mai yawan amai bayan irin wannan tiyata yana iya ƙarar da shi, ƙwaƙwalwa ta taɓu. An san wannan cuta tun 1881, lokacin da likita Carl Wernicke na Jamus ya bayyana ta, kuma idan aka makara takan bar mutum da mantuwa ta har abada. Likitar da ta sa aka yi mini allurar ta kuma gaya mini cewa ƙarin ruwa mai suga ga irin wannan mara lafiya, ba tare da an ba shi bitamin ɗin ba, yana iya ƙara dagula lamarin. Kamfanin da ke tura mutane wannan aiki kowane mako bai san da wannan ba? In kun sani kuka yi shiru, ya fi muni.

Masu kallon hotunan da kuke wallafawa suna ganin mutum ne a da da yanzu, ba sa ganin tsakiya. Tsakiyar ita ce in zauna da ƙaramin kofi ina kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har dare don in cika lita ɗaya da rabi na ruwa, in na yi garaje ya dawo. Ita ce lissafin giram 60 na furotin a rana da tumbin da cokali kaɗan ke cika shi. Gashina ya zube har na daina kallon mataji. Na koyi tafiya daga gado zuwa ƙofa ina dafa bango, 'yata ƙarama tana riƙe da jakar robar da ke gefena tana tambaya ko ciwo take yi mini. Aikina ya tsaya, mijina ya bar nasa ya yi jinya, abin da muka tara ya tafi a asibiti na biyu, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba amma shi ya ɗauki nauyin. Ga kuma bakin mutane. Wanda bai taɓa ɗaukar nauyin da na ɗauka ba sai ya zo dubiya ya ce ai da na haƙura da yadda Allah ya yi ni. Wannan ba laifinku ba ne, na dai faɗa ne don ku san a wane hali mutum yake lokacin da ya ga kun karanta saƙonsa ba ku amsa ba.

Ina cikin murmurewa kuma sai tsakuwa ta fito mini a matsarmama. Saurin zubewar nauyi yana haddasa ta, likitoci sun san haka, da yawansu ma sukan ba da maganin ursodiyol na wata 6 bayan aiki don rage haɗarin. Ba a ba ni ba, ba a ma ambata mini shi ba. Haka ba a gaya mini in guji magungunan ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak ba, waɗanda ke iya cinye sabon tumbi. Ba a rubuta mini cewa zan sha bitamin da sinadarin ƙarfe da kalsiyam tsawon rayuwa ba, ko cewa ana gwada jini a wata na 3 da na 6 da na 12, sannan duk shekara. Duk a bakin likitocin da ba su karɓi ko sisina don wannan aiki ba na ji su.

A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta rubuta tun 2014 cewa duk wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba a ci gaba da bibiyarsa aƙalla shekara 2 a sashen da ya yi aikin, da duba abincinsa da gwajin jininsa da halin da tunaninsa ke ciki. Ku rabin haka kuka yi alkawari, rabin ma ba ku cika ba.

Amsa guda mai tsawo da na taɓa samu daga gare ku ita ce wadda kuka ce mai yiwuwa na ci abu mai tauri kafin lokaci. Ku duba ranar saƙona na farko, a lokacin ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ina kwance da roba a hanci wata ƙawata ta turo mini tallarku, ga hotona na ranar sallama ina murmushi, an rubuta wata magana a ƙasa da sunan ni na faɗa. Ban faɗa ba, ban kuma ba da izinin hoton ba.

Ga abin da nake nema. Ku aiko mini da cikakken fayil ɗina, da rahoton aikin da sunan likitan da ya yi shi da sakamakon duk gwajin da aka yi kafin a sallame ni. Haƙƙina ne, kuma likitocin da ke duba ni suna bukatarsa har yanzu. Ku cire hotona da maganar da kuka ƙaga daga duk inda kuka sa su. Ku mayar mini da kuɗin kulawar shekara guda da na biya ban samu ba, ku kuma zauna da ni a kan kuɗin jinyar da jinkirinku ya ninka, rasit ɗin duk suna ajiye. Sannan lambar nan ta WhatsApp, ku ɗora likita ko ma'aikacin jinya a kanta, ku kuma buga alamun haɗari manya-manya a takardar sallama: bugun zuciya sama da 120, zazzaɓi, haki, ciwon kafaɗar hagu, kumburin ƙafa, aman da ya ƙi tsayawa. A ƙarƙashinsu ku rubuta cewa duk wanda ya ga ɗaya ya nufi asibiti mafi kusa, kada ya tsaya jiran amsarku. Wannan na ƙarshe ya fi damuna a kan kuɗin, don na san a wannan makon ma kun sallami wasu.

Na ba ku kwana 30 daga ranar da wannan wasiƙa ta fito. In ban ji daga gare ku a rubuce ba, zan miƙa saƙonnin da rasit ɗin da rahoton likitocina ga hukumar da ke kula da lasisin likitoci da ta kare haƙƙin masu saye, kuma a can zan ambaci sunanku.

Ni ce,
Ɗaya daga cikin waɗanda kuka tura tiyata.