Wasiƙa zuwa ga Habu, kan kwamfuresar Maigida

Damagaram, unguwar Sabon Gari

Zuwa ga aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi. Hunturun bana ya zo da ƙura, da safe sai ka nemi duwatsun Birni ka rasa cikin hazo. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka kawo mata jikokinta.

Maganar kwamfuresar Maigida ce, Allah ya jiƙansa, ta sa na ɗauki biro. Jar nan mai tankin lita 200 da muka koyi faci a gindinta. Ka san halinta: ta cika bar 8 a ma'aunin ƙarfin iska ta yanke da kanta, in iska ta sauka zuwa 6 ta sake tashi. To, mako uku ke nan allurar agogon iska sai ta hau zuwa 4 ta kafe. Inji na ta juyawa ba hutu, kan famfon ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Masu kabu-kabu da ƙananan motoci ba su lura ba, tunda bar 2 da ɗan wani abu ya ishe su. Amma manyan motocin da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, tayarsu kusan 8 take sha. Ranar Alhamis ina tsaye direbobi biyu suka naɗe maganarsu suka wuce gaba, ɗayansu tun zamanin Maigida yake zuwa wurinmu. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Yaran shago suka ce a ƙara ɗaure sifirin ɗin akwatin da ke kashe inji. Na ce musu akwatin nan aikinsa ya tsayar da inji in tanki ya cika, mu kuwa ko kusa da cika ba mu kai ba, me zai ƙara mana? Wani ya ce a toshe bawul ɗin kariya, wai ko ta nan take gudu. Wannan kam na yi masa faɗa sosai. Tankin da ya girme shi, a cire masa hanyar numfashi, ran da ya fashe ba mai ba da labari.

Na bi yadda aka koya mana. Na fara gwada agogon da na awon taya, suka zo ɗaya, ashe allura ba ƙarya take ba. Na rufe hanyar fita, na bari tanki ya kai iyakarsa, na kashe wuta na zauna ina kallo. Cikin rabin awa, kaɗan kawai allura ta sauka. Na kaɗa ruwan sabulu na bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, sai kumfa ta tashi a wuyan tiyo. Na gyara, amma na san wannan ƴar ɓaraka ba za ta cinye bar 4 ba. Kuruwa, wato bel ɗin da ke juya famfon, ta ɗan saki, na ja ta. Na kwance kusar ƙasan tanki, ruwa ja mai tsatsa ya zubo ya kai rabin gwangwani. Na sake tayarwa, allura ta koma gurbinta na 4.

Sai na tuna abin da Maigida yakan yi. Ka tuna yadda yake ɗora tafin hannunsa a bakin shan iska ya rufe ido? Na ɗora nawa. Maimakon ya tsotse mini fata ya riƙe, sai na ji yana ja yana turowa, iska mai ɗumi tana bugun tafina. Nan na gane abin da fistan ya matsa yana komowa ta inda ya shiga.

Na ɗauko kile mai lamba 13, sifana kamar yadda kuke cewa a can, na kwance kan. Habu, da ka ga abin da ke ciki. Ƙura da mai sun haɗu sun yi baƙin danƙo kamar kwalta. Siririn harshen ƙarfen nan da ke rufe ramin shiga ya tsage daga gindi, gefensa ya cinye kamar haƙorin zarto. Juwan ɗin kuma, wato takardar da ke hana iska tsiyaya a mahaɗin kan, ya ƙone daidai ɗan tsakanin da ya raba ɗakin shiga da na fita, iska tana ta zagaye cikin kan ba ta isa tanki. Zoben fistan kam da sauran ƙarfinsu, domin mai bai hau sama da yawa ba, kuma bangon silinda bai yi zane mai zurfi ba.

Laifin nawa ne, ba na ɓoye maka. Bara filta ya toshe, na cire shi na ɗaura ƙyalle da niyyar sayen sabo a Kasuwar Dole, aiki ya sha kaina. Ƙyallen ya yage ban sani ba. Shekara guda tana shan yashin Damagaram tsirara.

Yanzu na wanke farantin da harsunan ke kai da kalanzir, na yanka sabon juwan da takardarsa, na kuma yanko harshe daga ƙarfen awon bawul mai kauri ɗaya da tsohon. Na sa filta. Ta hau har 7, amma da ƙyar, kuma ban yarda da ƙarfen da na yanka ya daɗe ba, don zafi da bugu ba su bar ko na asali ba.

Ga roƙona. Zan ba direban da ke bin hanyar Matamai da Daura tsohon farantin cikin leda, da lambar da ke jikin famfon a rubuce. Don Allah ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a can Kano ka nema mini irinsa, faranti da harsunansa da juwan gaba ɗaya. Ka ɗora tsohon a kan sabon ka ga ramukan kusa sun hau juna kafin ka biya, kada ka yarda da "zai shiga". In ba a samu sabo ba, na cire-cire ma ya yi, muddin fuskarsa sumul take ba rami. Ka faɗa mini kuɗin a naira, ni zan juya sefa in aiko.

Ka gaida Hajiya da yara. In ka samu hali da Sallah ka zo, wurin zamanka a benci yana nan.

Naka,
Isufu