Bidiyon Ista na Meziko: ba kashe mutumin nan ake yi ba

Ranka ya daɗe Edita, barka da aiki. Dan Allah a ɗan ba ni fili, don akwai wani bidiyo da ya dawo yawo a WhatsApp tun da aka shiga makon Ista, an ɗaure wani saurayi a kan gicciye jikinsa duk ja, a ƙasa an rubuta wai mutanen Meziko ne suke kashe mutum ɗaya duk shekara. A guruf ɗin gidanmu kaɗai sau uku aka turo shi, har da yayata tana ta salati.

Ni Musulmi ne, amma na yi shekara biyu a birnin Meziko ina karatu, kuma da ƙafata na je wurin, don haka nake cewa maganar nan babu ita. Unguwar sunanta Iztapalapa, wasan kwaikwayo ne suke yi na kamun Yesu da shari'arsa gaban Bilatus, gwamnan Romawa, har zuwa gicciye, jinin kuma na kwalliya ne, ɗaure shi ake yi ba a buga masa ƙusa. Inda ake buga ƙusa da gaske a Filifin ne, mutanenmu sun haɗa biyun sun dama.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne asalin abin. A 1833 kwalara ta shiga garin ta yi ɓarna ba kaɗan ba, mu da muka san amai da gudawa a damina ai ba sai an yi mana bayani ba, to waɗanda suka rage sai suka yi alwashin in annobar ta wuce za su riƙa tunawa duk shekara, daga 1843 aka fara wasan kuma har yau jikokin jikokinsu ne ke riƙe da shi. Ba 'yan fim ake ɗaukowa ba. Sai ɗan asalin unguwanni 8 na wurin ake ba matsayin Yesu, ya yi watanni yana atisaye, saboda gicciyen ya kai wajen kilo 90 kuma da shi zai hau tudun da suke kira Cerro de la Estrella, jama'a fiye da miliyan suna kallo.

Ni wallahi ba ma shi na fi kallo ba. Akwai ɗaruruwan maza da yara cikin doguwar riga launin shunayya da suka ɗauko nasu gicciyen, kowa da alwashin da ya yi. Wani dattijo ya wuce ta gabana ba takalmi a kan kwalta cikin ranar Afrilu, tafin ƙafarsa ya yi ƙuraje, matarsa na biye da robar ruwa tana ɗan yayyafa masa, ko uffan ba wanda ya ce.

Sauran ƙasar kuma kowa da salonsa. A San Luis Potosí jerin gwano ake yi daren Juma'a shiru, sai ganga da begila. Ranar Asabar ana ƙona mutum-mutumin takarda na Yahuza, almajirin da ya ci amanar Yesu, da aka cusa wa abin fashewa na wasa, sau da yawa fuskar wani ɗan siyasa suke ba shi, sai ya tuna min da shaguɓen 'yan tashe. Da can ma watsa wa juna ruwa suke yi a ranar, yanzu a babban birnin tara ake ci, don Iztapalapa ɗin kanta tankar ruwa suke jira kamar mu. Wasu kuwa ba ruwansu da coci, makarantu na hutun mako biyu, sai su kwashi yara su yi bakin teku Acapulco.

Matar da na zauna a gidanta ba ta dafa nama ranar Juma'a duk tsawon azuminsu na kwana 40, sai kifi da wani abu capirotada, busasshen burodi ne ake jiƙawa da mazarƙwaila da kirfa, a zuba gyaɗa da zabibi da cuku a gasa. Cuku da mazarƙwaila fa, na yi ta yatsina, ƙarshe sai da na nemi ƙari.

Roƙona Edita, baɗi in Allah ya kai mu a rage mana saƙonnin gwamnoni na barka da Ista da ke cinye shafi guda, a sa wakilinku ya binciko mana irin waɗannan bidiyoyin kafin su iso wayar yayata.

Naku,
Mai karatu daga Zariya