Mai kwalliyar fim ba mai shafa hoda ba ce kawai

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili a jaridar nan mai farin jini in yi magana kan sana'ata, kwalliyar 'yan wasa a fim da talabijin da dandamali, saboda yadda ake ɗauka hoda ce da jan baki shikenan yana damuna sosai.

Mu ne farkon zuwa lokeshin, mu ne ƙarshen tashi. A ce jarumi ya fashe a goshi, yau na haɗa ciwon da roba da gam da jinin ƙarya, sai bayan sati biyu a dawo ɗaukar sin na gaba wanda a labarin minti biyar ne tsakani, to dole ciwon nan ya koma daidai inda yake, tsawonsa da launinsa, in kuma kwana uku aka ce ya wuce sai jinin ya bushe ya yi duhu. Shi ya sa wayata cike take da hotunan goshi da kumatun mutane, kowanne da lambar sin ɗinsa. Ga fitilu na sa zufa, ina tsaye bayan kyamara da soso a hannu, darakta na cewa kat na ruga.

Na dandamali ma daban ne, ana zuba shi da kauri don na kujerar baya ya ga fuska, kyamara kuwa tona shi take yi, dalilin da ya sa Max Factor, wani mai haɗa kayan kwalliya a Amurka, ya haɗa wani marar kauri musamman don fim a 1914 kenan. A 1931 mai kwalliya Jack Pierce sai ya ɗauki kusan awa huɗu kafin ya gama fuskar jarumi Boris Karloff a fim ɗin Frankenstein, amma sai 1982 Oscar, babbar gasar kyautar finafinai ta Amurka, ta fara ba masu aikin kyautarsu duk shekara, Rick Baker ya fara ɗauka, har sau bakwai ya ci.

Ni kuwa wani furodusa ya taɓa ba ni minti goma wai in mayar da budurwa tsohuwa, na yi iya yina, fim ya fito ko sunana babu a ƙarshe, wallahi ranar na yi kuka. Don Allah furodusoshi a riƙa ba mu lokaci, a sa sunanmu. Ku kuma ƙannena masu son shigowa, ku fara da koyon wanke burushi da gwada gam a hannun mutum kafin ku kai shi fuskarsa, wata fatar ba ta ɗauka.

Taku, mai kwalliyar fim.