A duba tsatsar tanki kafin a ɗora wa buji laifi

Malam Edita, gaisuwa mai yawa. A ba mu ɗan fili mu yi magana da masu tsofaffin babura a Maradi, musamman 'yan kabu-kabu.

Babur ya tashi lafiya, ya yi kilomita ɗaya ko biyu, sai ya fara tari ya mutu. A bar shi minti biyar, ya sake tashi. Nan take sai a ce buji ne, a sayi sabo. Galibi asarar kuɗi ce. Esansi ne ba ya saukowa sosai, kuma ɗan hutun nan ne ke ba kofin karbireta damar sake cika.

Gwajin ba ya cin ko dala. A zare tiyo daga karbireta, a zura a farar kwalba, a buɗe makunnin mai. Ya kamata ya zubo a miƙe ba yankewa. In yana ɗiga, a buɗe marfin tanki. Ya ƙaru? To ƙurar hunturu ce ta toshe ramin iska na marfin, a huda shi, magana ta ƙare. In bai ƙaru ba, a ɗaga kwalbar a rana: za a ga jan gari kamar na barkono ya kwanta a gindi, wani lokaci da ruwa a ƙarƙashin man. Ruwa ya fi esansi nauyi, shi ya sa yake zama a ƙasan tanki yana cin ƙarfe. Yana shiga ta man kwalba na bakin titi, ta lalatacciyar robar marfi da damina, ko ta raɓar da ke taruwa a tankin da kullum rabin lita yake gani. Mai yawo a kan rizab, wato ragowar man ajiya, kuwa daga gindin yake zuƙa, inda dattin yake.

A juye man, a sauke tankin, a kwance makunnin, a wanke 'yar rariyar da ke kansa. A toshe ramin, a zuba rabin litar kananzir da noti kamar ashirin, a girgiza minti goma sha biyar. A ƙirga notin wajen fitarwa. Ban da yashi, don ba ya fita duka, ƙarshensa cikin inji. Tsatsar da ta kama sosai, a cika tankin da binega ya kwana ɗaya ko biyu, a ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, sannan da ruwa zalla. A busar a rana nan take a cika da mai, in ba haka ba kafin la'asar ya sake yin ja. Masu zuba ruwan batir, Allah ya shirye su, ƙarfen suke cinyewa har ya huje.

Karbireta ma sai an buɗe ta. A hura jiklar, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, da iska, kada a soka mata allura, ramin zai faɗaɗa babur ya koma shan mai. Sai a sa ƙaramar filta mai tace mai a tsakiyar tiyo, kibiyarta na kallon karbireta, a canza ta da zarar ta yi ja.

In wanki ya tono huji, kada a kai wa mai walda sai an wanke tankin sarai an cika shi da ruwa, domin tururin esansin da ya rage a tankin da babu mai ya isa ya fashe shi.

Naku,
Wasu makanikan babura, Maradi